Rama Rao na Andhra: Ɗan Fim Ɗin da Ya Karɓe Mulki Cikin Wata Tara

Duk wanda ya tsaya a rumfar masu tura fim a waya, a Talata Mafara ko a ƙauyuka irin su Garbadu, ya saurari abin da samari ke nema, zai ji sunayen Prabhas da Allu Arjun da Mahesh Babu, da wani da ake ce wa NTR ƙarami. Dukansu a wurinmu "'yan Indiya" ne, muna haɗa su tukunya ɗaya da Amitabh Bachchan da Dharmendra waɗanda iyayenmu suka kalla a silimun Kano da Sakkwato. Alhali ba gidansu ɗaya ba. Su Amitabh 'yan Bombay ne, da harshen Hindi suke fim. Waɗannan kuwa da fassarar Algaita da ire-irenta suka cika mana waya da su, mutanen kudu ne, harshensu Telugu, cibiyar sana'arsu birnin Hyderabad, masu jin harshen nasu sun haura miliyan 80. Shi NTR ƙaramin, wanda ya fito a RRR cikin 2022, sunan kakansa ya ci. Kakan shi ne mutumin da ya bar gaban kyamara yana gab da shekara 60, ya kafa jam'iyya, bayan wata tara ya karɓe jihar Andhra Pradesh daga hannun jam'iyyar Congress ta Indira Gandhi, wadda ba a taɓa kayar da ita a jihar ba. Labarinsa ya isa a ba da shi daki-daki, domin mu ma muna da 'yan fim, kuma ba zaɓen da ke wucewa ba mu gan su a dandamalin 'yan siyasa ba.

An haifi Nandamuri Taraka Rama Rao ranar 28 ga Mayu, 1923, a ƙauyen Nimmakuru cikin gundumar Krishna, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, yankinsu na ƙasar Telugu kuma yana ƙarƙashin lardin Madras. Gidan manoma ne. Da ya tafi karatu Vijayawada sai da ya riƙa ɗora madara a keke yana kai wa otal-otal. A kwalejin garin ne malaminsa na Telugu, shahararren marubuci Viswanatha Satyanarayana, ya ba shi fitowarsa ta farko a wasan daɓe, kuma a matsayin mace, wata Nagamma. Aka ce ya aske gashin baki, ya ce atafau. Haka ya hau dandamali da kayan mata da gashin bakinsa, 'yan makaranta suka laƙaba masa Nagamma mai gashin baki. Wannan taurin kai bai bar shi ba har kabari.

Ya ƙarasa digiri a Guntur, ya ci jarrabawar aikin gwamnati, aka ba shi kujera a ofishin rajistar filaye. A wancan lokaci irin wannan aiki ake yi wa walima. Bai wuce mako uku a kai ba ya ajiye, ya nufi Madras, inda a lokacin ake shirya galibin finafinan kudancin Indiya.

Fitowarsa ta farko a 1949 ce, cikin Mana Desam na L. V. Prasad, ɗan gajeren matsayi na ɗan sanda. Bayan shekara biyu Pathala Bhairavi ya fito, almara ce ta hatsabibin boka da 'yar sarki da talakan da ke sonta, daga nan sunansa ya kama gari. Amma abin da ya raba shi da sauran shi ne Mayabazar na 1957, inda ya fito a siffar Krishna, ɗaya daga cikin waɗanda mabiya addinin Hindu ke bauta wa. Jimilla fim 17 ya yi a wannan siffa. Ya fito a Rama, wani abin bautar nasu, cikin Lava Kusa a 1963. Har miyagun labaran nasu, su Ravana da Duryodhana, ya fito a su, ya ba su kwarjinin da mai kallo ke rasa wanda zai goya wa baya. A 1977 ya shirya Daana Veera Soora Karna, shi ne mai kuɗin, shi ne mai ba da umarni, kuma shi ya fito a manyan matsayi uku.

Musulmin da ya tashi a ƙasar Hausa zai sha wuya kafin ya gane nauyin wannan al'amari, don mu ko maganar a kwaikwayi wani Annabi a fim tashin hankali ce. Can kuwa akasin haka ne. Talakan ƙauye da bai taɓa ganin abin bautarsa yana motsi yana magana ba sai a majigi, da fuskar Rama Rao ya san shi. Akwai gidajen da suka rataya hotonsa da kayan Krishna a ɗakin ibadarsu. Masu ziyarar dutsen Tirupati, bayan sun aske kawunansu sun gama abin da ya kai su, sukan sa direbobin bas su biya da su ƙofar gidansa a Madras tun da asuba, su yi cincirindo suna jira ya leƙo ya ɗaga musu hannu. Shekaru ya yi yana fitowa yana gaisawa da irin waɗannan mutane, waɗanda daga baya su ne masu jefa ƙuri'a.

Shi kansa mutum ne mai tsari. Tun cikin dare yake tashi, ba ya makara wurin ɗaukar fim, kuma an san shi da riƙon kuɗi. Duk da haka idan masifa ta faɗa wa yankinsu, kamar yunwar Rayalaseema a 1952 ko guguwar teku da ta hallaka dubban mutane a Diviseema a 1977, yakan kwashi 'yan wasa su zaga gari-gari suna tara taimako. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 1968. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ya koma finafinan kasuwa, ga tumbi ga shekaru yana rawa da 'yan mata irin su Sridevi waɗanda ya yi jika da su, kuma suka karɓu. Sai dai a na ƙarshe-ƙarshen, Sardar Papa Rayudu da Justice Chowdary da Bobbili Puli, kusan mutum ɗaya yake fitowa: wanda zalunci da cin hanci suka ishe shi, ya miƙe ya gyara ƙasa da hannunsa. Ya yi fim wajen 300 kafin ya waiwayi siyasa.

Ita jihar tasu da gwagwarmayar harshe aka same ta. A Disamba 1952 wani dattijo mai suna Potti Sriramulu ya mutu bayan kwana 58 yana yajin cin abinci, yana neman a ba masu jin Telugu jiharsu. Tarzomar da ta biyo baya ta sa Firayim Minista Nehru ya amince, aka yanke jihar Andhra a 1953, aka haɗe ta da yankin Hyderabad a 1956 ta zama Andhra Pradesh. A tsarin Indiya mai mulkin jiha shi ne babban minista, wanda 'yan majalisar jiha ke tsayarwa. Gwamna kuwa wakili ne da ake naɗowa daga Delhi. Congress ce ke riƙe da jihar tun farko, kuma a zamanin Indira Gandhi abin ya koma sai wanda ta ga dama. Daga 1978 zuwa 1983 manyan ministoci huɗu aka yi, a ɗora wannan a sauke wancan, duk da umarnin Delhi.

A farkon 1982 ɗan Indira, Rajiv Gandhi, ya sauka a filin jirgin Begumpet na Hyderabad. Babban minista T. Anjaiah, wanda ya taso daga leburanci, ya kwaso jama'a da makaɗa da furanni har gindin jirgi don tarbarsa. Rajiv tsohon matuƙin jirgi ne, ganin taro a inda bai kamata ba ya fusata shi, ya wanke dattijon tas a gaban mutanensa da 'yan jarida. Ba a jima ba aka sauke Anjaiah. Mutanen jihar ba su ɗauki abin a matsayin an ci zarafin mutum ɗaya ba.

Ranar 29 ga Maris, 1982, Rama Rao ya sanar da kafa jam'iyyar Telugu Desam a Hyderabad. Tuta ruwan ɗorawa, alama keke. Maganarsa ɗaya ce, yana maimaita ta a kowane gari: an kai mutuncin Batelugu an jinginar a Delhi, shi ya zo ya fanso shi. 'Yan Congress suka yi dariya, suka ce mai shafa hoda a fuska ne, jama'a kallo suke zuwa, ranar zaɓe kowa zai kama gabansa.

Sai ya ɗauko wata tsohuwar motar Chevrolet, aka gyara ta, aka huda rufinta yadda zai iya hawa sama ya tsaya, aka ɗaura mata lasifika da fitilu, aka sa gado a ciki. Ɗansa Harikrishna ne direba. Ya cire kayan alfarma ya sa wando da riga na kaki irin na ma'aikata. A cikin motar yake kwana, da safe ya yi wanka a bakin titi, ya yi aski, ya wanke kayansa ya shanya, ya zauna a ƙasa ya ci abinci mutane na kallo. Washegari hoton na shafin farko na Eenadu, jaridar Ramoji Rao, wadda ta tsaya masa tsayin daka, har tana buga garuruwan da zai bi. Mata da tsofaffi kan kwana a bakin hanya idan ya makara. In ya iso, ya hau rufin motar ya saki murya da irin tsantsar Telugu ɗin da suka saba ji a bakinsa a majigi. Wasa ne? Babu shakka akwai wasa a ciki, mutumin ya san inda kyamara take. Amma wata da watanni dattijo mai kusan shekara 60 yana kwana a mota cikin zafin ƙasar, wannan ba a yinsa da ƙarya.

Masu cewa farin jini ne kawai ya ba shi mulki sun bar rabin labarin. Yana da ƙungiyoyin masoya a kusan kowane gari, waɗanda dare ɗaya suka koma ofisoshin jam'iyya. Danginsa Kamma, manyan manoma ne masu kuɗi, sun daɗe suna jin haushin yadda dangin Reddy suka kankane Congress, suka buɗe bakin aljihu. Ya tsayar da sababbin fuskoki, matasa masu digiri da likitoci da lauyoyi da 'ya'yan ƙananan dangogi da ba a saba ba su takara ba. Sannan ya yi alkawarin da kowace uwar gida ta gane ba sai an fassara mata ba: kilon shinkafa a rupi 2. A zaɓen Janairu 1983 ya kwashe kujeru sama da 200 cikin 294. Ranar 9 ga wata aka rantsar da shi, ba a fadar gwamna ba kamar yadda aka saba, a filin wasa na Lal Bahadur a gaban jama'a. Cikin waɗanda guguwar ta kayar har da wani matashin minista na Congress, Chandrababu Naidu, mijin 'yarsa Bhuvaneswari. Bai daɗe ba ya tattara ya koma jam'iyyar surukinsa.

Shinkafar ya cika alkawari, iyali matalauta na samun har kilo 25 a wata a kan wannan farashi. Manomin shinkafa na fadamun Bakolori, wanda ya san abin da taki da fetur ɗin ban ruwa ke ci, zai tambaya: wa ke biyan cikon? Baitulmalin jiha ne, kuma kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga harajin barasa yake fitowa. Gwamnatinsa ma ta shigo da sayar da arak, barasar talakawa, a 'yan ƙananan ledoji har cikin ƙauyuka. Wato abin da aka sauƙaƙa wa matar a tukunya, da yawa mijin ya mayar da shi ta mashaya. Wannan bashi zai dawo ya same shi.

Ya yi wasu ayyukan da suka zauna. Ya rushe gadon sarautun dagatan ƙauye masu riƙe da littafin filaye, waɗanda talaka ke tsoro fiye da alƙali. Ya rarraba manyan gundumomi zuwa ƙanana sama da 1,000 don ofis ya matso kusa da mutane. Ya kafa jami'ar mata a Tirupati. Ya sa aka yi dokar da ta ba 'ya mace Bahindiya rabo daidai da namiji a dukiyar gado ta iyali, kusan shekara 20 kafin Indiya gaba ɗaya ta bi sahu a 2005. Ya kuma yi na gaggawa da suka jawo masa baƙin jini, kamar rage shekarun ritaya daga 58 zuwa 55, wanda ya sallami dubban ma'aikata ba shiri.

Delhi ba ta haƙura ba. A tsakiyar 1984 ya tafi Amurka aka yi masa aikin zuciya. Kwana biyu da dawowarsa, ranar 16 ga Agusta, gwamna Ram Lal ya ce wai ya rasa rinjaye a majalisa, ya sauke shi, ya rantsar da ministan kuɗin jihar Nadendla Bhaskara Rao, ya kuma ba shi wata guda ya nemo goyon baya. Kowa ya san ma'anar wata gudan: lokacin cinikin 'yan majalisa ne. Rama Rao, da ɗinki a ƙirji, a keken marasa lafiya, ya kwashi 'yan majalisarsa sama da 160 ya kai su Delhi gaban shugaban ƙasa Zail Singh a ƙirga. Daga nan aka wuce da su jihar Karnataka, inda gwamnatin adawa ta Ramakrishna Hegde ta ɓoye su nesa da masu jakar kuɗi. Shi kuma ya koma kan tsohuwar motarsa. Jam'iyyun adawa duka, daga 'yan gurguzu har BJP, suka taru a bayansa, aka yi ta zanga-zanga, aka rasa rayuka. Da abin ya fi ƙarfin Indira sai ta janye Ram Lal, ta turo Shankar Dayal Sharma, ranar 16 ga Satumba aka mayar wa Rama Rao kujerarsa. Wanda ya yi ɗawainiyar tsare 'yan majalisar nan, ya san wa ke tangaɗi wa ke tsaye, shi ne surukinsa Naidu. A nan ya fara zama mutumin da jam'iyyar ba ta iya motsi sai da shi.

Ƙarshen Oktoba na shekarar masu gadin Indira suka harbe ta. A zaɓen da ya biyo baya tausayi ya ba Rajiv kujeru sama da 400 a majalisar ƙasa, kusan ko'ina adawa ta rushe, ban da Andhra Pradesh. Telugu Desam ta ci 30, jam'iyyar jiha ɗaya tilo ta zama babbar jam'iyyar adawa a Indiya. Ya rushe majalisar jiha, a 1985 ya sake neman ƙuri'a, aka sake ba shi.

Daga nan, a ganina, ya fara gaskata fim ɗin kansa. Ya riƙa sa tufafi ruwan goro irin na masu zuhudun Hindu. Ministoci na faɗuwa suna taɓa ƙafarsa. Shawara ta koma ta mutum ɗaya. A Fabrairu 1989, don bayanin kasafin kuɗi ya fita ga jarida kafin lokaci, ya kori majalisar ministocinsa kaf a rana ɗaya. Yana kan kujerar mulki ya koma shirya wani fim, Brahmarshi Viswamitra, ana kai masa fayil wurin ɗauka. Rikicin dangogi ya ƙazanta: kisan talakawa 'yan ƙasƙantaccen dangi a Karamchedu a 1985, da kisan ɗan majalisa Vangaveeti Ranga a Vijayawada a Disamba 1988, wanda ya sa birnin ya kama da wuta. A ƙarshen 1989, daidai lokacin da ƙawancen National Front da yake shugabanta ya kayar da Rajiv ya ɗora V. P. Singh a Delhi, shi a gida aka kayar da shi. Mazaɓa biyu ya tsaya, ya faɗi a ɗaya.

Shekarun adawa sun same shi da tsufa da ciwo da kaɗaici. Uwargidansa Basavatarakam, wadda ta haifa masa 'ya'ya 12, ta rasu tun tsakiyar shekarun 1980. Sai wata malamar kwaleji, Lakshmi Parvathi, ta zo da niyyar rubuta tarihinsa, ta zama mai jinyarsa, a 1993 ya aure ta yana da shekara 70. 'Ya'yansa ba su so ba, bai kuma nemi izininsu ba.

Ana cikin haka matan ƙauyen Dubagunta a gundumar Nellore, waɗanda suka haɗu a ajin yaƙi da jahilci, suka tashi a 1992 suka hana shigo da arak garinsu. Abin ya bazu jihar duka, mata na fasa tulunan barasa suna tare motocin dillalai. Rama Rao, wanda gwamnatinsa ce ta yalwata abin, ya juya ya rungumi matan, ya yi alkawarin haramta giya gaba ɗaya da dawo da shinkafar rupi 2. A Disamba 1994 jam'iyyarsa ta ci kujeru 216, Congress ta tsira da 26 kacal. Bai taɓa samun nasara irin wannan ba, kuma wata tara bai cika a kanta ba.

Ƙorafin shi ne amarya ta zama ƙofa: ba mai ganin maigida sai ta wurinta, kuma ita ke raba muƙamai. A Agusta 1995 Naidu ya tara mafi yawan 'yan majalisa a otal ɗin Viceroy na Hyderabad, dabarar nan dai da ya koya a 1984. Ba shi kaɗai ba ne, 'ya'yan cikin Rama Rao, Harikrishna direban motar nan da Balakrishna, da ɗaya surukin Daggubati Venkateswara Rao, duk suna ɓangarensa. Tsohon ya hau motarsa ya je ƙofar otal ɗin da lasifika yana kiran mutanen da shi ya ɗauko su daga babu. Ba wanda ya fito. Daga cikin taron aka riƙa jifan motar da takalma. Ranar 1 ga Satumba aka rantsar da Naidu, daga baya jam'iyyar da alamar keken ma suka zama nasa.

A ƙasar Hausa, inda mutum ko sunan uban matarsa ba ya kamawa, wannan labari da nauyi yake shiga kunne. Rama Rao da kansa ya kwatanta abin da yadda Aurangzeb ya tsare mahaifinsa sarki Shah Jahan. Mutanen Naidu kuwa har yau cewa suke jam'iyya suka ceto. Ko wanne mutum ya ɗauka, abin da ya faru a fili yake: farin jinin na tsohon ne, amma rajistar 'yan jam'iyya da shugabannin mazaɓu da sanin buƙatar kowane ɗan majalisa suna hannun surukin, wanda ya shekara goma yana wannan aiki a bayan fage. Mu a Zamfara mun ga ubangida da yaronsa sun raba gari. Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya miƙa wa mataimakinsa Mahmud Aliyu Shinkafi mulki a 2007, Shinkafi ya koma PDP, a 2011 Yarima ya tsaya wa Abdul'aziz Yari aka kayar da shi. Yarima ya rama ne don jam'iyyar ba ta bar hannunsa ba. Rama Rao ya yi alwashin komawa ga talakawa su rama masa, ajali bai bar shi ba. Ya rasu da ciwon zuciya a Hyderabad ranar 18 ga Janairu, 1996, yana da shekara 72. Kafin ƙarshen 1997 Naidu ya ƙara kuɗin shinkafar, ya kuma janye haramcin giya. Amma hoton surukin nasa bai sauka daga allunan jam'iyyar ba, kuma da shi ya sake hawa mulki a 2014 da 2024.

Ko a can ɗin, ba kowane tauraro ne ya iya maimaita abin ba. Chiranjeevi, wanda ya gaji farin jinin Rama Rao a majigi, ya kafa jam'iyya a 2008, ya tashi da kujeru 18 a 2009, a 2011 ya narke cikin Congress. Ƙanensa Pawan Kalyan ya kafa tasa a 2014, a 2019 ya tsaya a mazaɓa biyu ya faɗi duka, bai gudu ba, sai a 2024 ya ci kujeru 21 ya zama mataimakin babban minista. Shekara goma ya yi kafin taron kallo ya zama ƙuri'a.

Wannan yanki namu ba baƙon masu fasaha ba ne, ba kuma baƙon masu mulki ba. Ƙasar Bakura da Maradun ce ta fitar da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa Sardauna waƙa. A Faru ta ƙasar Maradun aka yi Sa'idu Faru. Nan ne kuma aka fitar da gwamnoni uku: Ahmad Sani daga Bakura, Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Sai dai layin biyu ba sa haɗuwa. Makaɗi komai shahararsa a gaban sarki yake durƙusawa, ya wasa shi, a yi masa kyautar doki da riga. Da fim ɗin Hausa ya zo, daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, a wannan gurbin al'umma ta ajiye ɗan fim: ana son ganinsa, ana ɗaukar hoto da shi, amma ana jinkirin ba shi 'ya, balle ƙuri'a. Rama Rao fim ya ƙara masa tsarki a idon mutanensa. Namu kuwa kullum cikin kare kansa yake daga zargin ɓata tarbiyya.

Wanda ya gwada tsallake layin da gaske shi ne Hamisu Lamido Iyantama, jarumi kuma mai shirya fim a Kano, wanda ya tsaya takarar gwamna a 2007 a wata ƙaramar jam'iyya, zaɓen da Malam Ibrahim Shekarau ya ci karo na biyu. A shekarar da ta biyo baya, lokacin da hukumar tace finafinai ƙarƙashin Abubakar Rabo ke damƙar 'yan fim, aka kama shi kan zargin rashin rajistar kamfani da sakin fim ɗinsa Tsintsiya ba tare da tacewa ba, zargin da ya musanta. Kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a ƙarshen Disamba 2008, ya yi kusan wata uku a gidan yari kafin babbar kotu ta soke hukuncin. Masoyansa sun ce siyasa ce. Ko ma mene ne, bai da jarida irin Eenadu a bayansa, bai da attajiran da za su ɗauki nauyin tafiyar, bai kuma da 'yan majalisa 160 da zai kai gaban shugaban ƙasa.

Tun daga nan 'yan Kannywood suka zaɓi hanya mai sauƙi. A 2015 wasu suka bi Jonathan wasu suka bi Buhari, ana waƙa ana rawa a filin kamfe. Sakamakon ya zo ta hanyar naɗi: Abba El-Mustapha ya zama shugaban hukumar tace finafinai ta Kano a 2023, Ali Nuhu ya zama shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a Janairu 2024. Muƙamai ne masu daraja, kuma sun san aikin. Amma wanda ya naɗa shi ke saukewa, kuma har yau babu jihar Arewa da ɗan fim ya mulka. A ganina ba ƙarancin masoya ne ya hana ba. Babu dai wanda ya ɗauki wani ciwo da ke cin talaka, irin rashin tsaron da ya hana manoman Maradun da Bakura zuwa gonakinsu, ya mayar da shi maganarsa shi kaɗai, ya yi wata tara yana kwana a hanya a kansa.